Jawabi Ga Jama'ar Utai A Kan Maganin Da Ya Daina Ci

Zancenmu na yau a kan magani ne, irin kafso ɗin nan ja da yalo da ake talla a faranti, da allurar da ake yi wa shanu.

Kun sha jin an ce maganin yanzu ba ya ci. Wani lokaci jabu ne, amma sau da yawa ƙwayoyin cutar ne suka gane shi. In mutum ya sha kafso biyu ya ji sauƙi ya ajiye, raunanan ƙwayoyi sun mutu, masu taurin kai sun saura, su ne za su hayayyafa su kama ɗansa da maƙwabcinsa. Fleming, Baturen Scotland da ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. A 2019 kaɗai, masana sun ƙiyasta wannan abu ya kashe mutum miliyan 1.27 a duniya.

To, me gwamnati ta yi? Ta rubuta shiri na 2017 zuwa 2022, ta sake rubuta wani na 2024 zuwa 2028, hukumar NCDC ce ke jan ragama. Shirin ya haɗa lafiyar mutum da ta dabba wuri guda, kuma wannan daidai ne, ba mu ja da shi ba. Duk mai zuwa karar Wudil ran Juma'a ya san saniya nawa ake tsira wa allura don ta miƙe a sayar. Maganin nan yana nan cikin nama da nono, mu ne masu ci.

Amma fa jama'a, an ce kada talaka ya sha magani sai likita ya rubuta. Madalla! Ina likitan? Ina ɗakin gwaji da zai faɗi ko taifot ne ko zazzaɓin sauro? Ina likitan dabbobi mai zaga rugage? Mutum ba ya zuwa kemis don marmari, kuɗin mota da na kati ne ba shi da su. A Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa za a ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. An kafa ma'aikatar kiwo a 2024, muna jiran mu ga ma'aikatanta a kara.

Kafin nan, namu yana wuyanmu. Mura ba ta son kafso. Wanda ma'aikacin lafiya ya ba ka, sha yadda ya ce. Dabbar da aka yi wa allura, a duba kwalbar, an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a kai nono kasuwa. Wanda bai iya karatu ba ya kawo kwalbar ofis, za mu karanta masa. In kuma kansila ko ɗan majalisa ya zo, ku tambaye shi nawa aka ware wa Wudil cikin shirin nan.