Yaƙin Dajin Rugu: Addini Ne Ko Gona Da Mashaya?

(Jawabin da aka gabatar a wani zaman matasa a Dutsin-Ma)



Akwai maganar da wasu 'yan boko ke yawan yi, wai addini ne tushen yaƙi a duniya, da za a ajiye shi gefe da an zauna lafiya. To, ba sai mun je nesa neman amsa ba. Mu dubi abin da ya same mu a nan Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari, mu da ke maƙwabtaka da dajin Rugu.

Wanda ya zo da bindiga cikin dare ya kore shanu, wane addini yake bi? Wanda aka kore wa shanun fa? Alƙiblarsu ɗaya, a wata ɗaya suke azumi. Waɗanda suka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a 2020, da waɗanda suka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2023, ba su ce wa kowa ya canza aƙida ba. A watan Agustan 2025 kuwa, a Unguwar Mantau ta Malumfashi, masu sallar Asuba aka buɗe wa wuta a cikin masallaci. Ina addini a nan?

To, in ba addini ba ne, mene ne? Ku tambayi dattawa. Da, manomi da kansa ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar masa taki, a ba da hatsi a karɓi nono. Akwai burtali, akwai mashaya, akwai makiyaya irin ta Ruma da Kukar Jangarai, har gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar kare wuraren kiwo a 1965. Sai fari ya zo a 1973, ya dawo a 1984, annobar bushiya ta kashe shanu a 1983. Jama'a kuma ta ƙaru: ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 3.7, ta 2006 ta ba ta miliyan 5.8. Ƙasa kuwa ba ta ƙaru da taki ɗaya ba. Aka noma burtali, aka tare mashaya, masu hannu da shuni suka yanki daji.

Amma ku lura da kyau 'yan uwa, ƙarancin ƙasa kaɗai ba ya zama yaƙi. Abin da ke mai da shi yaƙi shi ne zalunci. Shanu su yi ɓarna, a je gaban hukuma, a tatse makiyayi har ya sayar da rabin garkensa, manomin ma bai ga diyyar kirki ba. A sace wa mutum shanu, ya rasa inda zai kai kuka. 'Yan sa-kai su kama mutum a kasuwa su kashe don kamanninsa kawai, danginsa su ƙone ƙauye don ramuwa. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai suka ƙara kwararowa ta hamada, sai abin ya zama sana'a, da 'yan leƙen asiri da dillalan mai da na shanun sata, wasu a cikin garuruwanmu suke.

Haka ya faru a Darfur tun 2003, Musulmi da Musulmi a kan kiwo da ruwa da mulki. Yaƙin duniya na biyu, wanda ya ci rayuka sama da miliyan 50, ba a kan masallaci ko coci aka yi shi ba. Ba mu musun cewa akwai masu ɗaukar makami da sunan addini, mun ga Maitatsine a Kano a 1980, mun ga Boko Haram. Amma su ma Musulmi suka fi kashewa, kuma malamai sun yi masu raddi da hujja.

Musulunci bai bar wannan mas'ala ba hukunci. A Suratul Anbiya an kawo ƙissar Annabi Dawud da Annabi Sulaiman (AS), ƙarar mai gona ce da mai dabbobin da suka yi masa ɓarna cikin dare. Ka ga rigimar manomi da makiyayi tsohuwa ce, maganinta alƙali mai adalci. A jahiliyya an yi shekara 40 ana yaƙin Basus a kan raƙuma ɗaya. Aus da Khazraj kuwa addini ne ya raba su da gaba. Ke nan mu ba yawan addini ya kashe mu ba, barinsa ne.

An gwada sulhu a 2019 ya rushe. An toshe layukan waya a 2021, har da nan da Kurfi. A 2025 an sake zaman sulhu a dajin Wurma. Duk sulhun da bai taɓa maganar burtali da diyya da hukunta mai laifi ba, yayyafa wa gobara ruwa ne.

Saboda haka, kai matashi, kada ka yarda a ce maka kowane Bafulatani ɗan bindiga ne, da yawansu su aka fara kwashe wa shanu. Kada ka ɗauki fansa a kan wanda bai yi maka komai ba. Kada ka sayi naman da ka san na sata ne, ko ka kai wa azzalumi labarin maƙwabcinka don 'yan kuɗi. Ka tsaya wa wanda aka zalunta, a ruga yake ko a ƙauye.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da shugabanni adalai. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.