Soyayya A Waƙoƙin Farisa Da Begenmu Na Zariya

'Yan'uwa matasa! Wasunku a Samaru sun karanta fassarar waƙoƙin Hafiz na Shiraz, suka ga giya da masoyiya, nan take suka yanke masa hukuncin fasiƙanci. A yi hattara da mutuncin bayin Allah!

Sha'iran Farisa suna da yarensu. A wajen malamai da dama da suka yi sharhin Hafiz, giya ita ce shauƙin Ubangiji, rabuwa da masoyi kuwa nisan bawa da Mahaliccinsa. Maulana Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a Konya a 1273, ya buɗe Masnawi, mujalladi 6, da kukan sarewar da aka yanko daga tushenta. Wannan sarewa ruhin ɗan Adam ce.

To, mu baƙi ne ga wannan? Ina! Malam Aliyu Namangi, makahon Zariya, ya rasu a 1990, ya bar mana Infiraji cike da begen Manzo (S). Almajirai sun sha rera ta a kasuwar Sabon Gari, muna wucewa ba mu tsaya ba. Ku nemo ta ku karanta tukuna, sannan mu koma kan Hafiz.