Tsakanin Sauƙi da Waraka



Daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza da Illela, duk majinyacin da ka ce wa "yaya jiki?" amsarsa ɗaya ce: "Da sauƙi." Mai mura haka zai ce, wanda ake juyawa a shimfiɗa ma haka danginsa za su ce. Ba ƙarya suke yi ba. Amsar gaisuwa ce, kuma godiya ce ga Allah, shi ya sa wanda ya tsaya zayyana ciwonsa a bainar jama'a ake ganin rakinsa. Abin da nake son mu duba shi ne ranar da wannan amsa ta shiga ɗakin likita aka ɗauke ta bayanin halin jiki, har shi mai faɗar ya gaskata ta.

Hausa ba ta da talaucin kalmomi a nan. Wanda ya suma ya farfaɗo. Wanda zafin ciwo ya lafa masa ya samu sauƙi. Wanda cuta ta rabu da shi ya warke, in nama da ƙarfi suka dawo ya murmure. Sallama kuwa aikin asibiti ce, ana iya sallamar mutum da jakar magani a hannu. Kowace kalma da matakinta, kuma sauƙi raguwa ce kawai. In aka ce albasa ta yi sauƙi a kasuwar Galmi, ba wanda zai ɗauki buhu ya tafi bai biya ba.

To amma dubi tarin fuka. Maganinsa wata 6 ne, wata 2 na farko da haɗin magunguna 4, sauran wata 4 da guda 2. Cikin ƴan makonni tari yakan lafa, zufar dare ta ɗauke, abinci ya fara shiga. Mutum ya samu sauƙi na gaske, alhali ƙwayar cutar tana nan da ranta. In ya ajiye magani ya tafi cin rani, ciwon yakan dawo, wani lokaci ya dawo da nau'in da ba ya jin maganin farko. Zazzaɓin cizon sauro ma haka yake a taƙaice: Coartem sha 6 ne cikin kwana 3, yaro kuwa yakan tashi wasa tun rana ta biyu, sai uwa ta adana ragowar don ƙanensa.

Wani zai ce ba kalma ke hana shan magani ba, rashin kuɗi ne da nisan hanya. Wannan magana tana da nauyi. Asibitin Galmi da mishan ta SIM ta buɗe a 1950 yana karɓar mutane har daga Nijeriya, kuma duk wanda ya zo daga nesa kuɗin mota da abincin mai jinya suna cin aljihunsa. Sai dai maganin tarin fuka kyauta ake ba da shi, kuma tun 2006 dokar Nijar ta ɗauke kuɗin jinya ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, ko da yake aiwatarwar tana tangal-tangal. Ragowar ƙwayar maganin da ke cikin kwalla an riga an mallake ta. Talauci ke tura mutum ya bari, kalmar sauƙi kuma ita ke kwantar masa da hankali a kan barin, ta kuma hana maƙwabci cewa uffan.

Wani kuma zai ce taɓa wannan amsa taɓa tawakkali ne. Ba gaisuwa nake neman a sauya ba. Ma'aikacin lafiya ya karɓi "da sauƙi" ya ce Allah ya ƙara sauƙi, sa'an nan ya fara aikinsa: baba, daren jiya ka yi barci? Inna, ƙwaya nawa ta rage? Kakanninmu ma sun san wannan, domin bayan gaisuwa makusanci yakan ja mai jinya gefe, a nan ne ake jin "sai a hankali" ko "yana jin jiki".

Kalmar waraka ma ana zaluntarta, ta fuska biyu. Hawan jini da ciwon suga lallaɓa su ake yi har ƙarshen rai, iyakar abin da likita mai gaskiya zai yi alkawari shi ne sauƙi mai ɗorewa. Mai tallar magani da lasifika ranar kasuwa kuwa warkewa gaba ɗaya yake sayarwa, kuma kalmarsa ta fi ta likita daɗin ji. Kuturta akasin haka ce. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin maganin da ke kashe ƙwayarta cikin wata 6 ko 12 a tsarin yanzu, asibitin Danja kusa da Maraɗi ya sallami masu yawa a kan haka. Amma yatsun da suka gutsure ba sa tsirowa, don haka gari ya ci gaba da kiran mutum kuturu, ana ƙyamar cin tuwo da wanda ba ya iya shafa wa kowa komai.