Sojojin da Ƙasarsu ta Ɓace: 'Yan Cek da Slobak a Yaƙin Duniya na Biyu



A ƙarshen Satumba 1938, a birnin Munik, shugabannin Birtaniya da Faransa da Italiya suka zauna da Hitila, suka yanka masa yankin Sudeten daga Cekoslobakiya, ba a ko nemi jin ta bakin masu ƙasar ba. Ranar 15 ga Maris 1939 sojojin Jamus suka shiga Prag, babban birnin ƙasar. Rundunar ƙasar tana da makamai da horo, amma aka hana ta yaƙi. Wannan baƙin ciki ne ya fitar da dubban hafsoshi da matuƙan jiragen sama, suka tsallaka iyaka a ɓoye zuwa Polan, daga can Faransa. Da Faransa ta faɗi a Yuni 1940, kimanin 4,000 suka shiga jiragen ruwa zuwa Ingila.

Gwamnatin gudun hijira ta Edvard Beneš a Landan ba ta da ƙasa ko taku ɗaya. Abin da take da shi kawai waɗannan mutane. Duk sojan da ya sa kakin Birtaniya da sunan Cekoslobakiya ɗinke a kafaɗarsa hujja ne cewa ƙasar ba ta mutu ba. Umarni kuwa yana hannun masu masauki, su ke cewa a tafi nan, a tsaya can. Iyayenmu da suka je yaƙin Boma sun san wannan zama, sai dai su mai mulkinsu ne ya kai su, waɗannan kuwa su suka kai kansu.

An ba su rukunoni huɗu a rundunar saman Birtaniya: 310, 311, 312 da 313. Josef František, wanda ya zauna da 'yan Polan a rukuni na 303, ya kakkaɓo jiragen Jamus 17 kafin ya rasu a Oktoba 1940. Bataliyar Karel Klapálek ta tsare Tobruk a hamadar Libiya a 1941. A gabas, Ludvík Svoboda ya ja wata runduna ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, daga Sokolovo a 1943 har mashigar Dukla a 1944.

Inda nake so mu tsaya shi ne 27 ga Mayu 1942. Jozef Gabčík, ɗan Slobak, da Jan Kubiš, ɗan Cek, waɗanda Birtaniya ta horar ta sauke su da laima, suka tare motar Reinhard Heydrich, wakilin Hitila a ƙasar Cek, a wata kwana a Prag. Bindigar Gabčík ta ƙi tashi, Kubiš ya jefa gurneti. Heydrich ya mutu ranar 4 ga Yuni. Ranar 10 ga wata, don ramuwa, Jamusawa suka shafe ƙauyen Lidice: aka harbe maza, aka kwashe mata zuwa sansanin Ravensbrück, aka kashe mafi yawan yara. Ranar 18 aka kewaye cocin da Gabčík da Kubiš da abokansu suka ɓuya, babu wanda ya tsira. A watan Agusta Birtaniya ta sanar cewa yarjejeniyar Munik ba ta ɗaure ta kuma. Beneš ya sami abin da yake nema, kuma ina ganin ƙasar tana buƙatarsa. Amma mutanen Lidice ne suka biya kuɗin, su ma ba a nemi jin ta bakinsu ba, kuma duk mai yabon wannan aiki ya wajaba ya ambaci sunan ƙauyen nan.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo bayan nasara. Da 'yan gurguzu suka karɓe mulki a Fabrairu 1948, wanda duk ya yi yaƙi a ƙarƙashin Birtaniya ya zama abin zargi. Aka kori da yawa daga aiki, wasu suka sake gudun hijira. Karel Janoušek, babban hafsan matuƙan, ya yi zaman kurkuku har 1960. Janar Heliodor Píka, wanda ya wakilci rundunar a Mosko lokacin yaƙi, an rataye shi ranar 21 ga Yuni 1949. Sai bayan faɗuwar gurguzu a 1989 ƙasar ta karrama waɗannan sojoji a fili, a lokacin yawancinsu sun riga sun rasu.