ABIN ƊAUKA DA ABIN BARI: JAWABI GA MASU FITA AIKI ƘASASHEN WAJE

Wani dattijo mutumin Yerwa, wanda ya daɗe yana aikin tuƙi a Jidda kafin ya komo gida, ya yi jawabi a Maiduguri ga waɗansu magidanta masu shirin fita aiki ƙasashen waje. Da yake da yawa daga cikin masu irin wannan tafiya daga Ikko da Badun da Fatakwal suke yin shiri, ga abin da ya faɗa don amfanin 'yan'uwa mazauna Kurmi.

Dattijon ya fara da tuna wa jama'a cewa fita neman aiki ba baƙon abu ba ne ga mutanen Barno. Ya ce ta Yerwa ayarin gabas yake bi, ya ratsa Gamboru da Kusiri, ya shiga Fort Lamy, wadda aka mayar Njamena a 1973, ya wuce Abeshe har Sudan. Waɗansu sun zauna garin Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗansu kuma sun yi ƙwadagon auduga a Jazira bayan an buɗe ta a 1925. Ya ce mutanen nan da jaki suka tafi, don haka kowace ƙwarya sai an auna amfaninta kafin a ɗaura ta. Matafiyin yau ma bai tsira daga awo ba, gama galibin kamfanonin jiragen sama ba su yarda jakar mai ƙaramin tikiti ta wuce kilo 23.

Saboda haka, in ji shi, matambayi ba ya ɓata. Kafin mutum ya ɗaure ko da tsinke, ya tambayi wanda ya ɗauke shi aiki: shin akwai masauki? Da gado da abin girki a ciki, ko kuwa ɗaki ne fayau? Aikin na shekara nawa ne, kuma an yarda ya zo da iyali? Amsar waɗannan ita ce za ta raba kayansa kashi uku.

Kashi na fari shi ne abin da ba ya rabuwa da jiki: fasfo, da takardar yarjejeniyar aiki, da takardun shaidar karatu ko sana'a, da na aure da na haihuwar yara, da takardar likita ga mai shan magani kullum. Ya ce a ɗauki hotonsu a bar wa wani amintacce a gida. Ya kawo misalin ɗaliban Nijeriya da aka kwaso daga Sudan bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilu na 2023, waɗanda suka baro Hartum da abin da hannu zai iya ɗauka. Ya ce ranar gudu takarda ce take fid da mutum, ba katifa ba.

Kashi na biyu shi ne abu marar nauyi wanda samunsa a can sai da tsada: kuka, da busasshiyar kuɓewa, da karkashi, da daddawa, da yaji, da muciya da maburgi, da hula Zanna Bukar, da turaren wuta da humra ga uwargida. Amma ya ja kunne cewa kowace ƙasa da dokarta. Ingila da Amurka ba su yarda matafiyi daga nan ya shiga da nama, don haka kilishi a hannun kwastan zai ƙare. Hukumar Alhazai ta Ƙasa kuwa ta sha gargaɗin mutane kada su shiga Sa'udiyya da goro.

Kashi na uku, watau na bari, shi ne gado da kujeru da turmi da firji da injin niƙa. Ya bayyana cewa ƙarfin lantarkinmu bolt 230 ne, na Amurka kuwa 120. Na Sa'udiyya yana bugawa sau 60 a daƙiƙa, namu sau 50, saboda haka na'ura mai inji da aka ƙera don wutarmu tana iya wahala a can. Ko nan Cadi, bakin soket ɗinsu irin na Faransa ne. Ya ce sau da yawa kuɗin dakon tsohuwar fanka ya isa a sayi sabuwa.

Daga nan sai dattijon ya gyara zama, ya ce maganar da ta fi kashe aure da zumunci ita ce ta kayan da aka bari. Kayan ɗaki, tun daga gado har kwalla da samiru, dukiyar mace ce da iyayenta suka yi mata. Miji ba shi da ikon sayar da su don cika kuɗin jirgi sai da yardarta, in kuwa ta yarda, a rubuta ko kyauta ce ko rance. Haka kuma duk abin da aka bari ajiya, a ƙidaya shi a takarda gaban shaidu biyu, a faɗi wanda aka yarda ya yi amfani da shi.

Ya ƙara da cewa kada a tara dukiya wuri guda. Mutanen Maiduguri sun ga gobarar Kasuwar Monday a watan Fabrairu na 2023, sun kuma ga ambaliyar ran 10 ga Satumba, 2024, sa'ad da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da Fori da unguwanni da dama. Abin da zai lalace da ajiya, kamar katifa da kayan lantarki, gara a sayar ko a ba mabukaci. Ga mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun kuwa, ya ce wauta ce mutum ya yi ta biyan hayar ɗaki shekara 2 domin tabarma da akwati. Ya sallami mai gida, ya aika da abin kirki Arewa.

A ƙarshe ya roƙi jama'a da babbar murya kada kowa ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani da idonsa ba, ko da na ɗan'uwa ne, domin hukuncin fataucin ƙwaya a Sa'udiyya yana kai wa ga kisa. Ya tuna musu da ɗalibar nan da ta tashi daga Kano, aka kama ta a Madina a ƙarshen 2018 saboda jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, ba a sake ta ba sai a watan Afrilu na 2019. Ya ce kowa ya ɗaure kayansa da hannunsa, ya ƙirga jakunkunansa, ya duba takardar awon da aka ba shi kafin ya bar gaban ma'aikaci.

Ya rufe jawabinsa da addu'ar Allah ya kai matafiya lafiya, ya ba su halaliyarsu, ya komo da su su tarar da iyali da ajiyarsu yadda suka bari. Jama'a suka shafa, aka watse.