Laifin Na'ura da Matsalar Shaida a Iyakar Gobir

Ɓarawon shanu yakan bar sawu a ƙasa. Wanda ya yi zamba ko ya nemi kuɗin fansa ta waya kuwa, sawunsa yana cikin na'urorin kamfanin sadarwa. Da aka katse layukan waya a Sabon Birni da Isa cikin 2021, sai 'yan bindiga suka koma amfani da layukan Nijar, inda ɗan sandan Nijeriya ba shi da ikon neman bayani kai tsaye. Har ila yau, Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta wajabta a tabbatar cewa na'urar da ta fitar da bayanin tana aiki daidai. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 kuma ta danƙa shari'ar ga Babbar Kotun Tarayya.