Kiɗan Masana'antu da Amon Sana'o'in Birni



Batun da za mu tattauna a kansa yau shi ne wani kiɗa na Turawa da a ke kira kiɗan masana'antu, tare da tarihin ƙungiyar da ta assasa shi. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan mutumin cikin birnin Kano da wannan? To, a yi mana haƙuri, amsar tana tafe.

Sunan ƙungiyar Throbbing Gristle, an kuwa kafa ta a Landan cikin shekarar 1975. Mutum huɗu ne suka haɗu: Genesis P-Orridge, da Cosey Fanni Tutti, da Chris Carter, da Peter Christopherson. A lokacin masana'antun Ingila sun fara durƙushewa, samari na yawo ba aikin yi. Sai waɗannan mutane suka ga cewa zamanin inji ya cancanci kiɗa mai amon inji. Suka tara na'urorin da Carter ya harhaɗa da hannunsa, da kaset-kaset na hayaniya da muryoyin mutane, suka fitar da wata irin ƙara mai sa kunne ya yi zugum. Cikin Oktoba 1976 suka yi wasa a wani nuni da ya tayar da ƙura, har wani ɗan majalisa, Nicholas Fairbairn, ya zarge su da rushe wayewar kai.

Maimakon su je ƙofar manyan kamfanoni, sai suka kafa nasu, Industrial Records, wanda daga sunansa ne kiɗan ya sami suna. Faifansu na farko ya fito a 1977, guda 785 kacal aka buga. Ranar 29 ga Mayu 1981 suka yi wasan ƙarshe a San Francisco ta Amurka, sannan suka watse. Ko da ya ke sun sake haɗuwa daga 2004 zuwa 2010, ainihin aikin da a ke tunawa da su a kansa na shekara shida ne.

To, me ya sa sunansu bai ɓace ba? Dalili shi ne sun ɗauki kansu da muhimmanci. Kusan duk wasan da suka yi sai sun naɗe shi, har suka fitar da akwati mai ɗauke da sa'a 24 ta wasanninsu a kaset. Da wannan ne na baya suka sami abin koyi.

Yanzu sai mu dawo gida. Abin da Bature ya sha wahalar ƙagowa da na'ura, mu mun gaje shi. Tarihin baka ya ce wani maƙeri mai suna Kano ya zo daga Gaya neman tama, ya zauna a gindin Dala. Ashe da amon masaba a kan uwar maƙera garin nan ya buɗe ido. Maƙera suna da gangarsu, wato dundufa, kamar yadda mahauta ke da kalangu. Wanda ya tsaya wajen mabuga ya ji yadda su ke karɓa-karɓa a kan shadda, ko ya tuna luguden mata a tsakar gida, ya san cewa a wurinmu aiki da kiɗa tagwaye ne.

Amma fa injin niƙa ya cinye lugude, kayan kanti sun rage wa maƙera ciniki, dundufa kuwa da wuya a ji ta. Idan tsofaffin makaɗan suka kau, take da kirari za su bi su kushewa. Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta naɗa kwamiti ya shiga birni, daga Kasuwar Kurmi zuwa Ƙofar Mata, ya nemi izinin sarakunan sana'a, ya naɗi amon aikinsu da bayanin bakinsu, a ajiye a laburaren jami'a. Ko wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa wannan aiki.

Allah ya sa mu dace.